BUHUN DA MAMA TA KWANCE

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Masu zagin Mama tun ba su ji komai ba, da masu cewa ina ja musu rai da gangan. Wata ma cewa ta yi in yau ban faɗi abin da ke cikin jar ambulan ɗin nan ba ta daina bina ke nan. To ku gyara zama. Ni da abin ya faru a kaina, kwana uku na yi ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin hannuna ya yarda ya rubuta wannan shafin.

*

Washegari ne Baba zai cika kwana arba'in da tara da rasuwa, ranar ƙarshe, a addininmu, da ladan masu rai ke iya riskar mamaci kafin a sake haihuwarsa. Da hantsi ina goge teburin kakanni, inda muke ajiye hotunan mamatanmu muna kunna musu turare, da cikina wata shida, na ja aljihun teburin na ƙasa ina neman ashana. Na samu ashanar. A ƙarƙashinta kuma ga wata jar ambulan, bakinta a yage.

Hoto ne a ciki, da takarda ruwan ɗorawa.

Mata takwas ne a hoton, duk da baƙaƙen rigunan ibada, a kan tudu. Mama ce a tsakiya, a durƙushe, hannunta a kan igiyar wani buhu. Gefenta wasu buhuna uku. A bayansu ga tsohuwar bishiyar nan da tsawa ta raba biyu, wadda ke saman gonar shayin su Kuochen, mijina.

Na buɗe takardar.

"Sakin rai. Gamsheƙa arba'in. Ladan ya tafi ga Fan Yungtai, ya tashi daga ciwon hanta."

Sunan Baba ne. Na duba kwanan watan. Na sake dubawa, na ƙirga da yatsa kamar 'yar aji ɗaya.

Kwana goma sha tara kafin ranar da gamsheƙa ta sari Inna Kuimei, mahaifiyar Kuochen, a cikin wannan gonar. Tun safe take kwance tsakanin layukan shayi babu wanda ya gan ta sai da rana ta take. Kuochen ne ya same ta, yana ɗan shekara goma sha tara. A bayansa ya goyo ta har ƙasan tudu, a bayansa kuma ta cika.

Shekara tara ke nan duk ƙauyenmu ana tambaya ɗaya: daga ina gamsheƙa ta zo tudun da kaka da kakanni ba su taɓa ganin ta ba?

Ga amsar a hannuna.

"A-Yen, kin ga ashanar?"

Mama ce ta fito daga kicin, carbinta a wuyan hannu, tana ɗauke da farantin lemo. Idonta ya sauka a kan jar ambulan. Ta ajiye farantin a hankali, har da gyara masa zama.

"Mayar da ita inda kika ɗauko."

"Mama, mene ne wannan?"

"Ba naki ba ne. Mai ciki ba ta tone-tone a teburin kakanni."

"Na iya karatu, Mama."

Ta zauna a kujerar Baba. Tun da ya rasu ba wanda ya zauna a kanta.

Sakin rai ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Tun ina yarinya Mama ke sayen kifi da kunkuru daga hannun masu yanka, a yi musu karatu, a sake su don lada. Ni ke riƙe mata bokiti, ina jin kaina wata babbar mai tausayi. Ban taɓa tambayar inda suke ƙarewa ba.

"Likita ya ce babanki ba zai ga kaka ba," in ji ta. "Kina makaranta a birni, ba ki ga yadda ya koma ba. Idonsa kamar an shafa kurkur."

"Sai kika sayi macizai."

"A gidan da ake sayar da romon maciji. Da yamma za a yanka su. Na cece su ne, A-Yen."

"Tsuntsaye sun ƙare ne a kasuwa?"

"Shugabar tafiyarmu ta ce kowa tsuntsu yake saya, ba mai tausayin maciji. Ta ce ran da mutane suka fi tsana shi ya fi lada."

"Wa ya zaɓi tudun?"

Ta juya kai wajen hoton Baba.

"Mama, matan nan bakwai ban san ko ɗaya ba. 'Yan birni ne. Wa ya nuna musu hanya?"

"Sun ce a samu wuri mai ciyawa da ruwa, inda ba a fesa magani, don su samu kwaɗi su ci."

"Wa ya nuna musu?"

"Ni kaɗai ce 'yar gari a cikin motar."

Na jingina da bango. Abin da ke cikina ya yi wani juyi, na dafe shi.

"Kin san lokacin tsinkar shayi ne. Kin san mata na shiga gonar da asuba, da takalmin soso."

"Na ɗauka za su yi sama, su shige daji."

"Kin gaya musu haka da za ki sake su?"

"Kar ki yi min rashin kunya a gaban hoton ubanki."

"Rashin kunya? Mama, kin ci abincin makokin Inna Kuimei. Na gan ki. Ke kika fi kowa kuka."

"Kukan gaskiya na yi."

"Na sani. Shi ya sa nake jin tsoronki."

Ta fara jan carbi, bakinta na motsi. Amitofo, Amitofo, sunan da muke ambata a ibada. Duk lokacin da aka ƙure Mama nan take gudu ta ɓuya, tun muna yara.

"Niyyata mai kyau ce," ta ce daga baya. "Karma, sakayyar abin da mutum ya aikata, daga niyya take farawa. Kowa ya san wannan. Ban fita gida don in kashe kowa ba."

"Kin gaya wa Shifu?"

Shifu ita ce tsohuwar malamar ibadar da ke ƙaramin gidan ibada na bakin gada, wadda ta raɗa min suna.

"Na tambaye ta. Ban ce ni ce ba. Na ce wata ƙawata."

"Me ta ce?"

Mama ta kalli ƙasa.

"Ta ce wadda ta san akwai mutane a wurin ta kawar da kai, kawar da kan ma niyya ce. Ta ce ƙawar tawa ta je ta durƙusa gaban ɗan marigayiyar ta faɗa masa da bakinta. In ba haka ba, ko kifin teku duka ta saka, ruwa kawai ta dama."

"Sai kika yi me?"

"Na sauya gidan ibada."

Dariya ta kufce min, irin wadda ba daɗi. Shekara tara muna shiga bas awa guda zuwa babban gidan ibada na birni, Mama na cewa wai karatunsu ya fi ratsa zuciya.

"Kina dariya," in ji ta. "Ba ki san komai ba. A can an bayyana min. Mata goma sha biyu ne suka shiga gonar ranar nan. Me ya sa Kuimei kaɗai? Ita da macijin sun san juna tun wata rayuwar. Akwai abin da ke tsakaninsu. Ni hanya kawai na zama."

"Wato laifinta ne."

"Ban ce laifi ba."

"Matar da ta yi shekara ashirin tana tsinkar ganye don ɗanta ya yi karatu, ita ce mai tsohon zunubi. Ke da kika kwance buhu kuma hanya ce."

"A-Yen."

"In kin yarda da haka, me ya sa kika daina cin nama tun shekarar? Me ya sa kullum da yamma in ina gida kika riƙa aika ni da kwanon abinci gidan Kuochen?"

Ina faɗa, maganar ta dawo ta dake ni.

Kwanon abincin nan shi ya haɗa mu. Ni ke kai masa duk hutu, in tsaya a bakin ƙofa har ya cinye, don Mama ta ce kar in dawo da kwano da saura. Daga tsayuwa aka koma zama. Daga zama aka koma abin da kuka karanta a shafukan baya.

"Mama." Muryata ta yi ƙasa. "Ni ma cikin wankin ne?"

"Wane wanki?"

"Kin kashe masa uwa, kika ba shi 'ya."

"Ban haɗa ku ba. Ku kuka ga juna."

"Amma?"

"Amma ranar da ya zo neman aurenki na shiga ɗaki na yi goshi a ƙasa sau ɗari da takwas. Na ce an karɓi tubana."

Ina son Kuochen, wannan ba wanda ya saka min. Amma tun daga wannan minti na kasa tuna ranar aurenmu ba tare da na ga buhu a gefen hoton ba.

"Baba ya sani?"

"Bayan shekara ɗaya ya ga takardar."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Bai sake shan shayin tudun nan ba har ya mutu."

Sai na tuna asibiti. Baba ya riƙe hannun Kuochen da ƙarfin da ba mu san yana da shi ba, yana ta cewa, "A-Chen, yi haƙuri. Shekarun nan ba nawa ba ne." Muka ce zafin ciwo ne. Kuochen har goge masa baki ya yi yana cewa, "Baba, huta."

"Ya warke dai," in ji Mama, ta ɗago kai. "Likitoci sun yi mamaki. Shekara tara ya ƙara. Ya ga aurenki. Ki ce min sakin ran bai yi aiki ba."

"Tiyata aka yi masa, Mama."

"Mutum nawa aka yi wa tiyatar suka tashi?"

Ta matso bakin kujera.

"Kina ganin ban biya ba? Cikinki biyu sun zube. Na farko wata huɗu, na biyu wata biyar. Kina zaton me ya ɗauke su?"

"Likita ya ce bakin mahaifata ne ba ya riƙewa. An ɗinke shi yanzu."

"Likita abin da na'ura ta nuna masa ya gani. Ni na san abin da ya biyo ni. Bai same ni ba sai ya bi ta kanki."

"'Ya'yana ba su kwance buhun kowa ba."

"Shi ya sa na yi odar tsuntsaye ɗari biyu gobe. Ɗari na babanki, ɗari na wannan da ke cikinki."

"Mai tsuntsayen nan sai kin buga masa waya yake zuwa ya kafa raga. Jiya suna kan bishiya lafiya lau. Rabi a keji za su mutu kafin ki gama karatu."

"To me kike so in yi?" Muryarta ta fashe. "Faɗa min. Na yi azumin nama, na kwafi littafin ibada da hannuna har idona ya mutu, na ciyar da yaron nan shekara tara. Me ya rage?"

"Abin da Shifu ta ce."

Ta girgiza kai da sauri kamar yarinyar da aka nuna wa allura.

Ni dai a ranar na daina tunanin karma wani abu ne da ke jiran mutum a wata rayuwa. Macizai arba'in ɗin nan sun yi ƙwai. 'Ya'yansu sun yi ƙwai. Gonaki uku a saman tudu sun koma daji don mata sun ƙi shiga. Yaran ƙauyenmu ba sa wasa a bakin rafi. Kuochen da ya samu gurbin karatun injiniya bai tafi ba, ya sayi dogon maƙatin ƙarfe da buhu, ya zama wanda ake kira in an ga maciji a bayan gida. Yana kamawa yana miƙa wa ma'aikatan gwamnati, ko ɗaya bai taɓa kashewa ba. Duk wannan daga igiya ɗaya da Mama ta ja wata safiya.

Ta zamo daga kujerar ta durƙusa a gabana. Uwata, da furfurarta.

"Tashi, Mama."

"Na ajiye takardar ne don ina tsoron in na ƙona ta ladan zai warware, ciwon ya dawo masa. Yanzu ya tafi. Gobe da ma zan haɗa ta da ɗan gidan da aka yi da takarda, wanda za a ƙona masa ya same shi a can. Ki ƙona ta yanzu, A-Yen. Ga ashana a hannunki."

"Sai kuma me?"

"Sai ki haihu lafiya, ya ɗauki ɗansa. In ya sani, kina ganin zai iya kallon fuskarki? Fuskata ce da ke. Duk safiya zai buɗe ido ya ga 'yar wadda ta kashe uwarsa."

"Ba ni na yi ba."

"Zai sani da kansa. Zuciyarsa ba za ta sani ba."

Ku da kuke karantawa, na san abin da kuke so in ce na yi. Kuna so in ce na ture ta na fita neman mijina da takardar a hannu. Ban yi haka ba. Na tuna Kuochen da kunnensa a kan cikina, yana cewa in mace ce sunan mahaifiyarsa za a sa mata. Na ji tsoron rasa shi fiye da yadda na ji tausayin Inna Kuimei. Wannan ita ce gaskiyar, kuma har yau ina jin kunyarta.

Na mayar da hoton da takardar cikin ambulan. Na jawo kaskon da muke ƙona wa mamata takardu da ƙafa. Na zaro tsinken ashana.

Mama ta tsura wa ambulan ɗin ido.

"Me ya sa kika yage bakin haka?"

"A yage na same ta."

"A'a. Da shinkafa na liƙe ta bayan babanki ya gani. Shekara takwas ban buɗe ba. Ran addu'ar mako na shida da rasuwarsa ma na duba, tana liƙe."

Muka kalli juna.

"Wa ya taɓa teburin nan?" ta ce.

Na sani kafin in faɗa. Jiya da yamma Mama ta ce a matsar da teburin a yi wa masu karatu fili. Teburin na da nauyi, sai an zare aljihunansa. Ina kicin, Mama na wanka.

"Kuochen."

Jiya bai ci abinci ba, ya ce cikinsa ne. Yau da sassafe ya ɗauki maƙatinsa da buhu ya fita. Na tambaye shi gidan wa aka kira shi, ya ce ba a kira shi ba.

Daga nesa muka ji ƙarar babur yana gangarowa daga tudu.

Mama ta kasa tashi. Ni ina tsaye da ambulan da tsinken ashana a hannu. Babur ɗin ya tsaya a tsakar gida, aka kashe shi.

Ya cire dogayen takalmansa a bakin ƙofa ya jera su, kamar kullum. Ya shigo da buhu a hannun dama, ya riƙe shi nesa da jiki. Ya ajiye a tsakiyar falo, tsakaninmu da ƙofa.

Buhun ya motsa.

Bai kalle mu ba. Ya je gaban hoton Baba, ya ɗauki turaren tsinke, ya kunna a fitilar teburin, ya rusuna sau uku, ya kafa.

"Baba, na gane maganarka," ya ce. "Na yafe maka."

Sannan ya juyo.

"Mama, me kike yi a ƙasa? Gwiwarki za ta tashi."

"A-Chen..."

"Wannan ita ce ta ɗari biyu da goma sha ɗaya da na kama a tudun nan. A gindin bishiyar na same ta, daidai inda kika durƙusa a hoto. Babba ce. Ƙila jika ce, ƙila tattaɓa kunne."

"A-Chen, ɗana, ka saurare ni."

"Ina saurare. Shekara tara ina saurare. Kin ce min duk wanda ya saki rai yana da lada. To gobe kwanan Baba arba'in da tara, na kawo nawa. Koya min. Me ake karantawa kafin a kwance?"

Ba ya ihu. Da ma ihu ya yi.

"Kuochen," na ce, "akwai ciki a jikina."

"Shi ya sa za ki fita. Je ki tsakar gida, A-Yen."

Sai a lokacin ya dube ni sosai. Ya dubi jar ambulan a hannuna na hagu. Ya dubi tsinken ashana a na dama. Ya dubi kaskon da ke gaban ƙafata.

Na ga lokacin da fuskarsa ta sauya.

"Jiya da na karanta takardar nan," ya ce a hankali, "abu ɗaya ya hana ni haukacewa. Na ce A-Yen ba ta sani ba. Na mayar da ita a buɗe, a ƙarƙashin ashana, inda na san za ki gani. Na ce in ta gani, da gudu za ta zo ta gaya min."

"Zan gaya maka."

"Da toka?"

Tsinken ya faɗi daga hannuna.

"Ni na sa ta," in ji Mama. "Ba ruwanta. Ni na durƙusa mata."

"Na sani, Mama. Kullum ke ce hanya."

Wato ya daɗe da sanin irin maganarta, ko kuma bai taɓa mantawa da abin da ta gaya masa ranar makoki ba, cewa kowa da abin da ya kawo daga wata rayuwar.

Mama ta cire carbin daga hannunta ta ajiye a ƙasa. Ta fara jan gwiwa zuwa wurin buhun.

"Mama, tsaya," na ce.

"Fitar da ita, A-Chen. In akwai abin da ke tsakanina da wannan, yau za mu sani."

Kuochen bai motsa ba. Ni yake kallo, idonsa ya cika da ruwa, ni kuma ina nan tsaye gaban kaskon.

Mama ta kama bakin igiyar da yatsu biyu, daidai yadda ta kama a hoto.

Ta ja.